Mace da wasannin dambe: Abin da ya kamata ki sani kafin ki ɗaura ɗamara

 Zancen wannan makon na mata ne, musamman wadda ta ga ana koyar da takwando ko karate ko damben zamani a unguwarsu, ranta ya biya, amma tana tsoron abin da za a ce, ko kuma ba ta san ta inda za ta fara ba. Maigida da iyaye ma ku matso kusa, domin galibi da amincewarku abin yake tafiya.

A al'adarmu dambe da kokawa na maza ne. Dambe mun san shi a hannun mahauta, ana yin sa da kaka bayan an kai amfanin gona gida, da kiɗa da kirari. Shi ya sa idan mace ta ce za ta koyi naushi sai a yi mata kallon wadda ta zo da sabon abu. Amma a duniyar wasanni an daɗe da buɗe wa mata wannan ƙofa. Judo na mata ya shiga gasar Olamfik a 1992, takwando a 2000, kokawar mata a 2004, damben mata kuma a 2012 a Landan. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa mace ce ta kawo ta, wato Blessing Oborududu, wadda ta ci azurfa a Tokyo a 2021. Hedaya Malak ta ƙasar Masar kuwa da ɗankwalinta ta ci tagulla a takwando sau biyu, a 2016 da 2021.

Ke dai 'yar'uwa ba lambar yabo ce ta dame ki ba, lafiya kike nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Zaman birni kuwa, ko a Legas ne ko Abuja ko Ibadan, daga kujerar ofis ko shago sai kujerar mota cikin cunkoso, sai kujerar falo. Irin wannan zama yana cikin abubuwan da ke jawo ƙiba da hawan jini da ciwon suga. Darasi uku na awa ɗaya-ɗaya a mako sun cika miki adadin nan har da ƙari. Ga ƙarfafa ƙashi, wanda mace ke buƙata ƙwarai, domin ƙashinta yana saurin raunana bayan daina al'ada.

Wanne za ki zaɓa? Takwando, wanda ya fito daga Koriya, ya fi dogara da ƙafa. Karate na Japan yana haɗa hannu da ƙafa. Judo babu duka a cikinsa, kamawa ne da kayarwa, kuma abin da ake fara koya miki shi ne yadda za ki faɗi ƙasa ba tare da kin ji ciwo ba. A damben zamani kina iya shekara kina dukan buhun atisaye da matasan da mai horarwa ke riƙewa, ba tare da kin daki kowa ko an dake ki ba. Idan kina gudun dukan fuska, saboda addini ko saboda lafiya, karate da takwando suna da sashen da mutum ke yin jerin motsi shi kaɗai, babu abokin karawa, har gasarsa ake yi. Ki faɗa wa mai horarwa haka tun ranar farko.

Kafin ki biya kuɗin rajista, ki fara biyawa ta asibiti. A auna miki hawan jini, a duba yawan jininki, domin ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga mata, kuma shi ke sa haki da jiri da zarar an fara tsalle. Mai ciwon zuciya ko asma ko sikila ko farfaɗiya ko ciwon gwiwa ta nemi shawarar likitanta tukuna. Mai juna biyu ta nisanci duk wasan da ake duka ko kayarwa, tafiya a ƙafa ta wadatar da ita. Mai jego ta jira a duba ta bayan mako shida, wadda aka yi wa aiki kuma ta jira har likita ya ba ta izini.

Sai zaɓen wuri, kuma nan ne ake yawan yin kuskure. Ki tambaya a hukumar wasanni ta jiharku, su ne suka san masu horarwa da ke da rajista. Ki je ki zauna ki kalli darasi guda daga farko har ƙarshe kafin ki yanke shawara. Ana fara ɗumama jiki? Ana ware sababbi daga tsofaffin hannu? Tabarmar atisaye tana da tsafta? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin makero da sauran cututtukan fata suna yaɗuwa ta tabarma da safar hannu. Ki tambaya ko akwai ajin mata zalla ko mace mai horarwa. Idan babu, ku haɗu ku biyar ko shida ku nemi a ware muku lokaci. Duk mai horarwar da ya ce ki kara da wani a makon farko, ko yake yi wa sababbi dariya, ko yake neman keɓewa da ke, ki bar masa wurinsa. Idan 'yarki ce za ki kai, wurin da ba ya barin iyaye su zauna su kalla ba wurin zuwa ba ne.

Maganar sutura ba ta da wahala. Kayan karate da takwando riga ce mai dogon hannu da wando har idon sawu, kuma ba sa kama jiki. Ki sa ƙaramin hijabi mai roba wanda ba ya buƙatar allura ko fil. Ki cire 'yan kunne da zobe da sarƙa, ki yanke farce, ki nemi rigar mama mai riƙe ƙirji sosai. Kada ki kashe kuɗi kan kaya a watan farko, wando mai faɗi da doguwar riga sun isa. Abin da ba a aro shi ne robar kare haƙora, ki sayi taki idan lokacin karawa ya yi.

A watan farko, sau biyu a mako ya isa, sannu ba ta hana zuwa. Jikinki zai yi tsami, ya fi tsanani a kwana na biyu ko na uku, sannan ya saki. Wannan ba rauni ba ne. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko gwiwa ta riƙa lanƙwashewa da kanta, alama ce ta a tsaya a ga likita. Mata sun fi maza yawan tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, saboda haka ki koyi dira daga tsalle da gwiwa a ɗan tanƙwashe. Ki ci abinci awa biyu zuwa uku kafin darasi, ki riƙe gorar ruwanki, ki yawaita wake da hanta da nama da zogale da alayyafo. Lokacin al'ada ba ya hana atisaye, sai dai ki rage idan jikin ya yi nauyi. Da azumi kuwa ki mayar da shi bayan shan ruwa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi shi ne bugu a kai. Ba sai mutum ya suma ba kafin ƙwaƙwalwa ta girgiza. Idan bayan bugu kika ji jiri, ko ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko ruɗewa, ki daina a ranar, kuma kada ki koma sai likita ya duba ki. Idan aka samu amai akai-akai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci mai nauyin da ba a saba ba, a tafi asibiti nan take.

Akwai masu cewa wasan yana mayar da mace kamar namiji, ko yana hana haihuwa. Sinadarin da ke gina damtsen maza kaɗan ne a jikin mace, atisayen sau biyu ko uku a mako ba zai sauya siffarki ba. Haihuwa ma ba ya hana ta. Abin da ke ɗauke al'ada shi ne atisaye mai tsanani tare da ƙin cin abinci, don haka kada ki haɗa shi da yunwa ko shayin rage ƙiba.

Game da kare kai, kada kowa ya yaudare ki. Darasin wata uku ba ya tare wuƙa ko bindiga. Idan masu ƙwacen waya suka tare ki, ki miƙa musu, rai ya fi waya. Abin da horon yake ba ki shi ne lura da abin da ke kewaye da ke, ƙarfin ɗaga murya, sanin yadda ake fizge hannu daga riƙo, da numfashin da za ki iya gudu da shi.

Maigida, idan uwargida ko 'yarka ta zo da wannan magana, kada ka yanke hukunci daga falo. Ka raka ta ka ga wurin da idonka, ka yi tambayoyinka, ku tsara lokacin da ba zai ci karo da hidimar gida ko karatu ba. Lafiyar uwar gida ta dukan gidan ce.