Tsohon Malami Ya Koma Kolo

Ya Edita,



Shekara 27 ina riƙe da alli, har na zaci babu babin koyarwa da ya ɓuya mini, sai ga shi a watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya, ƙaddara ta durƙusar da ni gaban 'yar autata, tana biya mini Zoom da Google Classroom harafi-harafi, tamkar alaramma da kolo. Ranar darasina na farko na shafe rubu'in sa'a ina sharhin ƙa'idojin nahawu da iyakar fasahata, alhali kuwa makirufo a kashe yake, ɗalibai suna kallon leɓɓana suna ta murmushi, ladabi ya hana su tanka mini.

Fa'idar koyarwa ta intanet ba ta musuntuwa, sai dai 'ya'yan talakawa, waɗanda kuɗin data ya gagari iyayensu, galibinsu ban ga fuskarsu ba sai da aka koma aji.

Ina kira ga hukumomin ilmi su horar da malamai, su kuma dubi waɗannan yara, tun larura ba ta sake sallama ba.

Wassalam,
Wani malamin sakandare, Zariya