Wa Ke Agaza Wa Ɗan Agaji?

Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, bama-bamai suka tashi a Babban Masallacin Kano, sama da mutum 100 suka rasu. Jama'a na neman tsira, 'yan agaji na kutsawa suna kwasar gawawwaki da masu rauni. An yi jana'iza an watse. To su fa?

Wanda ya yi irin wannan aiki yakan koma gida barci ya gagare shi, taya ta fashe gumi ya karyo masa, har ya riƙa ƙauracewa wurin da abin ya faru. In ya buɗi baki sai a ce raunin imani ne. Haba 'yan'uwa! Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, babu ja. Amma wannan firgici ciwo ne da likitoci suka sani, ana kuma maganinsa. Shugabannin agaji su riƙa zama da yaransu bayan kowane aiki su saurare su. Wanda nasa ya haura wata guda a raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ba tare da an yi masa gori ba.