Ɗan Ƙungiya Da Ya Daina Zuwa Taro

'Yan'uwa manoma, in mun zauna taron ƙungiya mukan yi ta maganar taki da iri da rabon ruwa har rana ta faɗi. Amma mutumin da ya daina zuwa, yana zaune a zaure ba ya ce wa kowa uffan, ba safai mukan tuna da shi ba. Sai mu ce lalaci ne, ko kuwa bashi yake gudu.

Mu tuna abin da ƙasar nan ta sha. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoma masu neman diyya. A 2021 kuma 'yan bindiga suka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe ta Talata Mafara, suka faɗa wa kwalejin aikin gona ta Bakura, suka kwashe 'yan makaranta a Kaya ta Maradun. Wanda ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, ɗansa ya dawo, amma shi barci ya ƙaurace masa. Ƙarar babur tana firgita shi, abinci ba ya shiga. Wannan ciwo ne, kamar yadda zazzaɓi ciwo ne.

Ƙungiyoyin ƙwadago na birni sukan zauna da masu ba su aiki, su nemi a ba marar lafiya hutu ba tare da an kore shi ba. Mu ba mu da maigidan da za mu roƙa, gama mu muke rubuta dokokinmu. To, mu rubuta: wanda masifa irin wannan ta sama, a ɗaga masa biyan bashi zuwa kaka mai zuwa, a yi masa gayya, kada ya rasa rabonsa na ruwa. Kada kuma a kira sunansa a gaban jama'a cikin masu bashi. Kunyar takan fi bashin nauyi, mun gani da idonmu.

Maganin feshi kuwa a ajiye shi a siton ƙungiya da makulli, kada a bar shi a ɗakin mutumin da ya ce ya gaji da duniya. In ya faɗi haka, kada a yi dariya, kada a bar shi shi kaɗai.

Addu'a muna yi, amma ba ta hana shan magani. Ɗauri da mari ba magani ba ne, dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ma ta ba irin waɗannan mutane hakkinsu. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na masu ciwon hankali a Kware, kusa da Sakkwato. Kuɗin mota ne yakan gagara. A fitar da shi daga asusun ƙungiya, a haɗa shi da ɗan rakiya mai riƙe asiri. In mace ce, mace ta raka ta.