Sabon Girki A Gidan Musulmi: Haƙƙin Miji Da Haƙƙin Mata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana ne a kan tukunyar dare. Duk wanda ya san gidajen Gwandu da Kalgo ya san tuwon dawa ko na shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa su ne abincin da muka tashi da shi. Amma yau matanmu suna koyon sababbin girke-girke daga talabijin da wayar hannu da maƙwabta, musamman a Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta jawo ma'aikata daga sassa daban-daban. Ga kuskus, ga makaroni, ga soyayyar shinkafa, ga sakwara da miyar agushi. Wannan ya kawo jin daɗi a wasu gidaje, ya kuma kawo ɓacin rai a wasu.

Da farko, babu laifi ga baƙon abinci don baƙuncinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, sai ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Ashe ƙin abinci saboda rashin sabo daban, haramta shi daban. Mu tuna kuma masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, gurasa da alkaki kuwa fataken Larabawa suka kawo mana, amma yau wa zai kira su baƙi?

Abin lura kawai shi ne kayan haɗi. Wasu girke-girken Turawa akwai giya ko kitsen alade a cikinsu. Wajibi ne uwargida ta bar waɗannan, kuma wajibi ne 'yan kasuwarmu su san abin da ke cikin gwangwani da kwalabe kafin su jera su a kanti.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar, shi ne kuɗin cefane. Muna da magidanta, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, waɗanda kan ɗanɗana abinci iri-iri a wurin taro ko a kan hanyar fatauci, su dawo gida suna gorin cewa matarsu ba ta iya girki ba, alhali abin da suke ajiye mata da safe bai canza ba tun kafin cire tallafin man fetur a 2023. Wani ma sai ya tsaya wurin mai tsire ko mai shayi ya cika cikinsa, ya bar iyali da gaya. Wannan zalunci ne. Ciyarwa a wuyan miji take, kuma aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ta umurci mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, mai ƙunci kuma gwargwadon abin da Allah Ya hore masa. A mazhabar Maliku, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar da ita a Gwandu, ana duba ƙarfin miji da matsayin mata da al'adar gari. To, wanda yake son canjin miya, sai ya canza cefane.

Su kuma mata, daidai ruwa daidai tsaki. Kada ganin hoton girki a waya ya sa a matsa wa miji ya ci bashi tun albashi bai shigo ba. Allah Ya albarkaci Jihar Kebbi da shinkafar fadama, da albasar Aliero, da kifin Yawuri da Argungu. Mai hikima tana iya juya waɗannan su zama dambu yau, gobe sinasir, jibi dafa-duka da busasshen kifi, ba tare da an kashe kuɗi a kan kayan waje ba. Sabon girki kuma a fara shi da kaɗan, domin idan bai karɓu ba kada a zubar da tukunya guda. Aya ta 31 cikin Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta kuma hana ɓarna.

Na uku, ladabin harshe. Abu Huraira ya ba da labari cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba. In ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Matar da ta yini a gaban murhu tana gwada abin da ba ta saba ba, don faranta maka ta yi. In gishiri ya zarce, ka yi haƙuri ka faɗa mata a keɓe, ba a gaban 'ya'ya ko kishiya ba. A gidan mata biyu kuwa, yabon girkin wata a ranar girkin wata wuta ce maigida yake hurawa da bakinsa. Kuma kada mu manta da hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nuna cewa ko lomar da mutum ya sa a bakin matarsa don Allah tana da lada.

Allah Ya yalwata mana arzikinmu na halal, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.