Wanda Ya Bar Giya, Wa Zai Karɓe Shi?

A cikin maganganun da ke yawo a majalisun Birnin Kudu da Gwaram babu wadda ta kai "tuban muzuru ne" ɓarna, idan aka jefa ta ga mutumin da ya shafe shekaru yana shan giya, sannan Allah ya nufe shi da shiriya ya ajiye kwalba. Ana faɗinta cikin raha, a bi ta da shewa da tafa hannu, alhali kuwa saƙon da take isarwa ga mai tuba shi ne cewa al'ummar da ta daɗe tana yi masa wa'azi ya daina ba ta taɓa shirin karɓarsa ba idan ya daina ɗin. Wannan zalunci ne, kuma abin takaicin shi ne masu aikata shi sau da yawa su ne ake gani a sahun farko na masallaci.

Haramcin giya ba abin jayayya ba ne a tsakanin Musulmi, kuma tun shekarar 2000 da Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, hukuma ta shiga cikin lamarin, har ya zama ba baƙon abu ba ne a ji cewa dakarun Hisba sun kama kwalaben giya sun farfasa su a bainar jama'a. Aiki ne mai kyau, babu mai hankalin da zai kushe shi. Sai dai fasa kwalba aikin yini guda ne, mutumin da jikinsa ya saba da abin da ke cikin kwalbar kuwa yana nan a unguwa, da matarsa da 'ya'yansa da bashin da ya tara, kuma ba a cika samun wanda zai tambayi yadda ya kwana ba.

Likitoci sun tabbatar da cewa jikin wanda ya daɗe yana sha da yawa yakan dogara da giya, ta yadda idan ya yanke ta farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu da gumi da tashin zuciya da faɗuwar gaba su taso masa. Wasu kuma, bayan kwana 2 zuwa 3, sukan faɗa cikin ɗimuwa mai tsanani, wato rikicewar hankali da ke zuwa da zazzaɓi da gane-gane, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan iya kai mutum kabari idan ba a hanzarta kai shi asibiti ba. A ƙauyuka da yawa idan aka ga haka sai a ce iska ce ta buge shi, ko a ce giyar ce ta cinye masa ƙwaƙwalwa, a kulle shi a ɗaki ana turara masa hayaƙi, alhali ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu inda likita zai iya duba shi. Addu'a da ruƙiyya ba su taɓa hana neman magani ba. Mafi muni shi ne iyalan da ke ɗaukar ɗansu su miƙa shi gidan mari, kamar ba su ji abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a shekarar 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasunsu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Sarƙa ba ta taɓa cire wa kowa sha'awar maye daga zuciya ba.

Idan jiki ya lafa, sai babbar jarrabawar ta fara, wadda kan ɗauki watanni: barci ya ƙaurace, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, duniya ta yi wa mutum salam kamar ba abin da ke da ɗanɗano. Lokacin da ya saba ɓatarwa a mashaya, daga magariba zuwa tsakar dare, ya zama fili fetal wanda bai san abin da zai cika shi da shi ba. Abokan da ya sani duk abokan sha ne, kuma dole ya rabu da su in yana son tsira, ga kunyar abubuwan da ya aikata cikin buguwa suna dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ga matar da aka yi wa alkawari sau goma aka saɓa, wadda ke da haƙƙin ta yi jinkirin yarda. A daidai wannan gaɓar ne yake buƙatar sabuwar majalisa, kuma a nan ne jama'a ke juya masa baya.

Abin da ke faruwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Mutumin ya yi sallama, a amsa masa a daƙile, a muskuta a ba shi gefen benci, sai wani ya matso kusa kamar zai yi masa raɗa, manufarsa kuwa ya shinshini bakinsa. Idan idonsa ya yi ja saboda rashin barci, ko saboda ƙurar da ya kwaso a kasuwar Sara wajen dakon buhuna, sai a ƙyafta ido a ce an koma ruwa. Idan wayar wani ta ɓata, shi za a fara kallo. Idan ya tsoma baki a zancen addini, sai a ce yaushe aka yi daren da gari zai waye. Sunan da iyayensa suka yanka masa rago a kai ya daɗe da ɓacewa, domin laƙabin da aka liƙa masa a zamanin sha shi ne ya zauna, yara suna kiransa da shi, manya suna jin su suna murmushi, har kwatancen gidansa da shi ake yi wa baƙo. Ɗansa ma a makarantar allo, in faɗa ya haɗa shi da wani yaro, gorin da za a yi masa ke nan. Mutum ya yi shekara biyar bai kurɓa ba, amma a bakin unguwa yana nan a mashayinsa, kuma masu kiran sunan ba sa ganin sun yi wani laifi.

Laifi ne babba. Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙubba, ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane, kuma duk ɗalibin Islamiyya ya san da haka. Imam Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa; a wata ruwayar kuma ya gargaɗi sahabbai kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Wannan fa ga wanda bai riga ya daina ba ke nan, ina ga wanda ya daina? Masu gori sukan fake da karin maganar nan ta hali zanen dutse, to amma mutanen Birnin Kudu, da ke da zanen dutse na gaske a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, su ya fi kamata su san cewa zuciyar ɗan Adam ba dutse ba ce, a hannun Allah take yana jujjuya ta yadda ya so.

Haka abin yake wajen aure da sana'a. Binciken halin mai neman aure haƙƙin iyaye ne, kuma wajibi ne wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya, amma rabin gaskiya ƙarya ce: wanda ya ce "mashayi ne" ya ɓoye cewa ya tuba shekaru da suka wuce ya ci amanar ɓangarorin biyu. Abin da ke ƙara ƙona rai shi ne ma'aunin ba ɗaya ba ne ga kowa. Talakan da ya sha burkutu ko giyar leda a bayan tasha shi ke ɗaukar tambari har abada, mai kuɗin da ke shan tasa a ɗakin otal a Abuja kuwa ana shimfiɗa masa darduma, a ba shi 'ya ba tare da an tambayi kowa ba. Ba a ma zancen 'yan siyasar da ke saya wa matasa kayan maye a lokacin yaƙin neman zaɓe, su watsar da su ranar da aka sanar da sakamako, sannan su hau mumbarin taro suna kukan lalacewar tarbiyya.

Sakamakon wannan wariya a bayyane yake. Mutumin da masu salla suka ƙi sakar wa fuska ya san wurin da za a tarbe shi da murna, wato wajen tsofaffin abokansa. Wani kuma ba zai koma giya ba don tsoron wari, sai ya sauya ta da tiramol ko kodin, waɗanda ba a jin su a baki. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya nuna kimanin 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, ban da giya da taba. Masana lafiya suna ɗaukar zamewa bayan an daina a matsayin abin da kan faru a wannan cuta, wanda ke nuna buƙatar ƙarin kulawa, amma a majalisa idan mutum ya zame sai ka ga fuskoki sun washe ana cewa dama an faɗa. Ai ko Alƙur'ani bai haramta giya a rana guda ba, mataki-mataki aka bi daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma waɗanda aka bi da su a hankali ɗin sahabbai ne, a cikin al'ummar da ta riƙe su hannu bibbiyu.

Asibitin masu taɓin hankali na jihar yana can Kazaure, nesa ƙwarai ga mutumin Gwaram ko Basirka, kuma ya kamata gwamnati ta kusanto da irin wannan kulawa zuwa kudancin jihar. Amma mafi yawan abin da mai tuba ke buƙata ba ya jiran kasafin kuɗi. Limaman Juma'a na Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda suka yi huɗubobi marasa adadi kan haramcin giya, su ware huɗuba guda kan haramcin goranta wa wanda ya bar ta. Dagatai da masu unguwanni su tsawata wa masu kiran laƙabi, Hisba ta riƙa bibiyar waɗanda ta kama da nasiha da neman magani bayan an fasa kwalaben, masu shaguna da gonaki kuma su ba su aiki su gwada su. Duk wanda ke da irin wannan maƙwabci, ya fara da kiransa da sunansa na yanka, ya kuma ja shi su tafi masallaci tare.