Ina Mahaƙin Ma'adinai a Adabin Hausa?

A shekarar 1885 marubucin Faransa Émile Zola ya wallafa Germinal, bayan ya ziyarci yankin Anzin lokacin yajin aikin 1884, ya kuma shiga ramin kwal da kansa. Littafin ya nuna iyalin Maheu suna aiki cikin duhu da zafi, ana zabtare musu lada da sunan tara, har sojoji suka buɗe wuta a kan masu yajin aiki. Manazartanmu kan kafa hujja da shi idan ana zancen adabi da talaka, amma ba kasafai suke tambayar inda namu mahaƙin ya shiga ba.

Tarihinmu bai rasa irin wannan labari ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu. A Arewa kuwa, kuza ce ta tsaya a matsayin kwal. Tun farkon ƙarni na 20 Hausawa suke tururuwa zuwa filayen kuza na Jos, kuma daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Turawa suka kwashi dubban talakawa zuwa aikin tilas, inda sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da dama. Bill Freund ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1981.

Duk da haka, cikin ƙagaggun labaran farko da suka biyo bayan gasar Rupert East ta 1933, babu wanda ya ɗauki lebura a matsayin tauraro. Shaihu Umar ya taɓo bauta, amma bautar da ta gabaci zuwan Turawa. Dalili a fili yake: hukumar da take neman littattafan karatun makaranta reshe ce ta gwamnatin da take karɓar kuɗin shiga daga kuza.

A ganina, waƙa ce ta riƙe abin da zube ya bari. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi Waƙar Diga kan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, Ɗanmaraya Jos kuma ya waƙe karen mota. Wannan ya nuna inda ya kamata mu nema: bakin jama'a. Ƙauyukan gabashin Kano, irin su Balan a yankin Gaya da Ajingi, sun daɗe da sanin cin rani, kuma a irin waɗannan wurare ne ya dace ɗaliban digiri na biyu su zauna da tsofaffi, su naɗi waƙoƙin aiki da kirari da labaran waɗanda suka tafi neman kuɗin haraji.

Lamarin bai zama tarihi ba tukuna. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, ana kuma haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gombe. Tsofaffin da suka ji labarin kuza daga bakin iyayensu suna ƙarewa, kuma in sun tafi babu ɗakin karatun da zai maido mana abin da suka sani.