Murar Tsuntsaye: A Sakar Wa Masanan Vom Mara

Tun watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, maganin da hukuma ta riƙe ɗaya ne: a karkashe kaji, a binne, a yi wa mai su alkawarin diyya. Diyyar farko kuwa Naira 250 ce kan kowace kaza. Cutar ta lafa, ta sake dawowa a 2015, ta yi wa masu kiwo na Jos da kewaye mummunar ɓarna, aka kuma sake ɗauko gatarin nan dai.

'Yan Arewa mazauna Agege da Mile 12 da Sabon Badun ba su bukatar a yi musu bayanin wannan asara. Ranar da aka rufe gona a Filato, ranar ce mai sayar da ƙwai da mai shayi a Ikko suke fara lissafin bashi.

Abin takaicin shi ne, kusa da Jos ɗin nan akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take aiki a can tun 1924. Ita ta yi ta sarrafa rigakafin bushiya har aka ga bayan wannan annoba ta shanu a duniya a 2011. Ita ce kuma take yin rigakafin cutar Niyukasal, har da irin wanda yake jure zafi, ana ɗiga wa kaza a ido ko a zuba mata a ruwan sha. To, a nan fa maganar take. Yawancin rigakafin murar tsuntsaye allura ce, sai an kama kowace kaza an tsira mata, abin da ba zai yiwu ga matar ƙauye mai kaji 10 da ke kwana a bisa itace ba. Amma masanan Harbin a ƙasar Sin sun ɗora wani ɓangare na ƙwayar murar a kan ƙwayar rigakafin Niyukasal, suka sami magani guda mai tare cuta biyu, wanda ba dole sai da allura ba. Rabin wannan sana'a Vom ta daɗe da iya shi.

Manyan ofis suna cewa wai rigakafi yakan ɓoye cuta, kaza ta riƙa yaɗa ta alhali tana kiwo lafiya lau. Gaskiya ne, hakan na faruwa idan aka yi sakaci da gwaji. Sai dai gwajin ma ai aikin Vom ne. Faransa, wadda ta fi Nijeriya tsoron a rufe mata kasuwar waje, ta fara yi wa agwaginta rigakafi a watan Oktoba na 2023.

An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024. Ya kamata ta ware wa Vom kuɗin wannan bincike a kasafinta, ta ba da izinin gwada rigakafin ruwan sha a zaɓaɓɓun gonaki na Filato, a kuma buga sakamakon da Hausa domin masu kajin su karanta da kansu.